Yadda zaka yi amfani da bot na Telegram wajen tura saƙo da fayil ba tare da ka tona wa kanka asiri ba

Akwai abu ɗaya da yawancin masu koyar da wannan harka suke tsallakewa, kuma idan baka gane shi ba duk matakan da zan kawo a ƙasa wahalar banza ce. Hirar da kake yi da bot a Telegram ba a kulle take daga wayarka har wayar wanda kake son ya gani ba. Ana kulle ta dai a hanya, tsakanin wayarka da sabar Telegram, da tsarinsu da suke kira MTProto, wato mai wayfai ɗin da ka jona ko kamfanin layinka bazasu iya karanta abin da ka rubuta ba, amma da ta isa can sai ta zauna a sabarsu, wato manyan kwamfutocin kamfanin, daga nan a miƙa wa bot ɗin, shi kuma bot ba aljani bane, shiri ne da yake gudana a kan kwamfutar wani mutum, kuma mutumin nan in ya ga dama duk abin da ka tura zai gani, ya ajiye, ya kwafa. Irin hirar da ake kullewa daga waya zuwa waya a Telegram ita ce Secret Chat, ita kuma mutum biyu kawai take ɗauka, bata aiki a guruf, bata aiki da bot sam.

To kenan a bar bot ɗin? A'a. Ka ɗauke shi a matsayin ɗan aike ne, wanda zaka ba akwati a kulle ya kai, makullin kuma ka aika ta wata hanya daban, ko ya tsaya a hanya ya jijjiga akwatin babu abin da zai gani. Duk abin da zan yi bayani a kan wannan ya tsaya.

Kuma in gaya maka gaskiya, idan mutum ɗaya kawai zaka tura wa takarda ɗaya, baka buƙatar bot, ka buɗe Secret Chat ko Signal, wata manhajar hira ce daban, ka tura ka huta. Bot yana da amfani ne idan fayil ɗaya zaka riƙa rabawa mutane da yawa a lokuta daban daban, ko baka son su san akawun ɗinka na kanka, ko kana son ka ajiye fayiloli a wuri ɗaya ka riƙa zaɓar wanda zai samu wanne.

Mataki na farko: gyara akawun ɗinka tukunna

Duk kullen da zaka yi in wani ya shiga akawun ɗinka ya tashi a banza, saboda daga nan ne ake juya bot ɗin. Shiga Settings, sai Privacy and Security, ka kunna Two-Step Verification, ka saka kalmar sirri da imel na dawo da ita in ka manta. Amfaninta shine ko wani ya samu lambar da ake turowa ta tes, ko ya yi dabara aka sauya masa layinka, bazai shiga ba sai da wannan kalmar. A wannan shafin dai ka kunna Passcode Lock, ka je Phone Number ka mayar da shi Nobody. Daga nan ka koma baya ka shiga Devices ka duba duk na'urorin da akawun ɗinka yake buɗe a kai, zaka sha mamaki, wata tsohuwar waya da ka sayar ko kwamfutar da ka taɓa aro tana iya kasancewa a jerin, ka rufe duk wadda baka gane ba.

Mataki na biyu: bot ɗin wani ko naka?

Akwai bot barkatai da suke cewa suna ajiye fayil su baka linki, ko suna aika saƙon sirri, wasu har da hoton kwaɗo a fuskarsu. Hoton kwaɗo kowa zai iya sakawa. Da zarar ka danna Start, bot yana ganin sunanka, da yuzanem ɗinka in kana da shi, da lambar shaidarka ta Telegram wadda bata canzawa, da yaren da ka saita manhajar, sannan duk abin da ka tura masa daga nan. Lambar wayarka baya gani sai in kai ka danna maɓallin da ya ce ka raba ta, to bot ɗin ajiye fayil me zai yi da lambar wayarka? Idan ya nema ka fita. Wanda kuma ya ce ka rubuto lambar shiga da Telegram ta turo maka wai don a tabbatar kai mutum ne, wannan ɓarawo ne kai tsaye, babu wani bot na gaskiya da yake buƙatar wannan lambar, ka toshe shi ka kai ƙararsa ta Report.

Sannan ka duba yuzanem ɗin harafi da harafi, saboda ana yin na bogi da canjin harafi ɗaya, a saka sifiri a gurbin o, ko a ƙara layi a ƙasa. Abu na ƙarshe da mutane basu cika sani ba, goge hirarka da bot baya goge abin da mai bot ɗin ya riga ya ajiye a nasa ɓangaren. Shi yasa ni ra'ayina ka yi naka, minti kaɗan ne kuma ba sai ka iya rubuta shirin kwamfuta ba, zan nuna maka yadda zaka juya shi daga burauza kawai.

Mataki na uku: ƙirƙirar bot a BotFather

Tun 2015 Telegram ta buɗe wa kowa damar yin bot, kuma ƙofar guda ɗaya ce, wani bot nasu mai suna BotFather. Ka neme shi a wurin bincike, ka tabbatar yana da shuɗiyar alamar tantancewa a gefen sunansa don shima akwai masu kwaikwayonsa. Danna Start, ka rubuta /newbot. Zai tambaye ka suna, wannan kowane iri ne, shine mutane zasu gani a saman hira. Sai ya tambayi yuzanem, wanda dole ya ƙare da bot kuma ya zama babu mai shi. Kar ka saka sunanka ko na wurin aikinka a ciki, kuma kar ka zaɓi mai sauƙin cinkowa, domin duk wanda ya san yuzanem ɗin zai iya zuwa ya danna Start.

Yana gamawa zai turo maka tokin, wasu lambobi ne sai ɗigo biyu sai dogon jerin haruffa a cakuɗe. Wannan tokin shine bot ɗin gaba ɗaya. Duk wanda ya riƙe shi zai iya karanta saƙonnin da ake turo wa bot ɗin, ya tura da sunansa, ba tare da ya taɓa wayarka ba. Kar ka ɗauki hoton allo, kar ka tura wa aboki ya duba maka, kar ka liƙa shi a wani shafi da yace zai haɗa maka bot kyauta, in ka yi haka bot ɗin ya zama nasu kai suna kawai ka saka. Ka ajiye shi a manhajar ajiye kalmomin sirri.

Kafin ka fita daga BotFather akwai saiti biyu. Ka rubuta /setjoingroups ka zaɓi bot ɗinka ka danna Disable, yadda babu wanda zai ja shi cikin wani guruf. Sai /setprivacy, wannan daman a kunne yake zuwa, ka bar shi a haka, aikinsa shine in bot yana cikin guruf baya ganin duk hirar mutane sai umarnin da aka bashi da amsar da aka mayar wa saƙonsa. Amma fa in aka yi wa bot admin a guruf wannan kariyar ta tashi, komai yake gani, wannan ka riƙe shi a ranka duk lokacin da ka shiga guruf ka ga bot a jerin admin.

Mataki na huɗu: ma'ajiya

Ka buɗe sabuwar chanel, ka zaɓi Private, kar ka gayyaci kowa. Shiga saitin chanel ɗin, Administrators, ka ƙara bot ɗinka, ka cire masa duk ikon da baya buƙata musamman na ƙara wasu admin. Nan ne zaka riƙa zuba fayilolin, bot ɗin kuma ya riƙa ɗauko kwafi yana kai wa wanda ka ce.

Dalilin wannan zagayen shine girman fayil. Kai da hannunka zaka iya ɗora fayil har gigabait 2 a Telegram, masu biyan kuɗin Premium da aka fara a 2022 kuma har gigabait 4, amma bot in shi zai ɗora sabon fayil ta hanyar da aka saba megabait 50 ne iyakarsa, saukewa kuma megabait 20. Sai dai kwafar abin da ya riga ya hau sabar Telegram wannan iyakar bata shafe shi ba, to kaga kai ka ɗora, shi ya kwafa, an wuce wurin.

Mataki na biyar: kulle fayil kafin ya bar hannunka

Nan ne ainihin tsaron yake, don haka zan ɗan tsaya.

A kwamfuta ka sauke 7-Zip daga shafinsu na asali, kyauta ne kuma ya daɗe, tun 1999 yake. Ka danna dama a kan fayil ko folda, a Windows 11 sai ka fara danna Show more options kafin ka ga 7-Zip, ka zaɓi Add to archive. Taga zata buɗe. A sama wurin Archive format ka zaɓi 7z. A ƙasa ta hannun dama akwai wurin kalmar sirri, ka rubuta sau biyu, ka tabbatar Encryption method, wato irin kullen, yana kan AES-256, sannan ga wani ɗan akwati a ƙasansa da aka rubuta Encrypt file names, ka saka masa alama. Wannan ɗan akwatin kar ka raina shi. In baka saka ba, wanda ya samu fayil ɗin bazai iya buɗe abin da ke ciki ba amma zai ga sunayen, kuma suna kamar takardar asibitin wane ko albashin ma'aikata na watan kaza ai ya riga ya faɗi rabin labarin. Shima sunan fayil ɗin na waje ka canza shi zuwa abin da baya nufin komai, kamar a17.7z.

Me yasa na ce 7z ba zip ba? Zip yana da tsohon kulle mai suna ZipCrypto wanda an daɗe da sanin rauninsa, wasu manhajoji kuma shi suke zaɓa da kansu in baka kula ba, sannan zip ko da AES ka kulle baya ɓoye sunayen fayilolin ciki. A wayar Android akwai ZArchiver da yake yin 7z mai kalmar sirri, ka zaɓi fayil, ka danna Compress, ka zaɓi 7z, ka saka kalma, ka zaɓi a kulle har da sunaye. Idan abin ya fi ƙarfin iyakar Telegram, a tagar 7-Zip ɗin akwai Split to volumes da zai yanka shi gunduwa gunduwa, amma ka gaya wa mai karɓa sai ya sauke duka gunduwoyin a folda ɗaya kafin ya buɗe na farko.

Sai kalmar sirrin kanta. AES-256 ba a fasa shi da ƙarfi, abin da ake yi shine cinkar kalmar, kuma wanda ya samu fayil ɗin a hannunsa babu mai hana shi gwadawa, babu cewa ka yi kuskure sau uku an rufe, kwamfutarsa zata kwana tana gwaji. Saboda haka ranar haihuwa da sunan ɗa da lambar waya duk basa aiki. Ka haɗa kalmomi biyar ko shida da basu da alaƙa da juna, ba karin magana ba ba baitin waƙa ba, ko ka bar manhajar ajiye kalmomi ta haɗa maka doguwa. Kowane fayil mai muhimmanci da tasa kalmar, don in ɗaya ta fita kar ta buɗe sauran.

Idan saƙon rubutu ne kake son ya bi ta bot ba fayil ba, hanyar ɗaya ce, ka rubuta shi a ƙaramin fayil na rubutu ka kulle ka tura. Kar ka rubuta sirri a fili a wurin bayanin da ake sakawa ƙarƙashin fayil, wannan wurin ba a kulle yake ba.

Wani abu game da hotuna da ya kamata in faɗa a nan. Hoton da waya ta ɗauka yakan zo da bayanan ɓoye a jikinsa, irin wayar, rana da lokaci, wani lokacin har daidai wurin da aka tsaya aka ɗauka in GPS na kamara a kunne yake. In ka tura shi a matsayin hoto Telegram tana matse shi ta zubar da waɗannan bayanan, amma in ka tura a matsayin fayil ko ka saka shi cikin 7z, da komai nasa yake tafiya. To kulle ya kare ka daga na hanya, amma shi mai karɓar zai gani. In baka so, a Windows ka danna dama, Properties, Details, a ƙasa akwai Remove Properties and Personal Information. Takardun Word da PDF suma sukan ɗauki sunan wanda ya rubuta.

Mataki na shida: tura shi

Ka ɗora fayil ɗin da ka kulle a chanel ɗinka ta alamar maƙala, ka zaɓi File. In ya gama hawa ka danna saƙon ka zaɓi Copy Link. Zaka samu linki mai kama da t.me/c/ sai doguwar lamba, sai layi, sai gajeriyar lamba a ƙarshe. Doguwar ita ce lambar chanel ɗinka, amma wajen amfani sai ka saka -100 a gabanta. Gajeriyar kuma lambar wannan saƙon ce. Ka rubuta su gefe.

Yanzu mai karɓa. Bot baya iya fara yi wa mutum magana, dole mutumin ya fara, saboda haka ka bashi yuzanem ɗin bot ɗin kace ya danna Start. Yana dannawa, kai kuma ka buɗe burauza a shafin sirri wanda baya ajiye tarihi, saboda tokin ɗinka zai shiga cikin adireshin, ka rubuta

api.telegram.org/botTOKIN/getUpdates

inda na rubuta TOKIN ka saka naka, a manne da kalmar bot babu tazara. Rubutu zai fito a cunkushe kar ya tsorata ka, ka nemi inda aka rubuta from, a ƙarƙashinsa akwai id da lamba, sai first_name da sunan mutumin. Wannan lambar kake nema. Saƙonnin nan awa 24 kawai Telegram take riƙe wa bot su, in ka makara sai mutumin ya sake turo wani abu. Kuma ka lura, suna da hoto kowa zai iya saka na wani, yuzanem ma ana canza shi wani ya ɗauka, lambar ce kaɗai tabbatacciya. Ni abin da nake ba da shawara shine ka gaya wa mutumin wata kalma ta waya ko ido da ido kace ya tura wa bot ɗin, sai ka ɗauki lambar da ta zo tare da wannan kalmar.

Daga nan sai umarnin kwafa

api.telegram.org/botTOKIN/copyMessage?chat_id=LAMBARSA&from_chat_id=-100LAMBARCHANEL&message_id=LAMBARSAƘO

ka danna shiga. In komai ya tafi daidai zaka ga ok da true, da wata sabuwar message_id, ita ma ka ajiye ta zata yi amfani anjima. Shi kuma fayil ya faɗo masa daga bot ɗin. Na zaɓi copyMessage ne ba forwardMessage ba da gangan, saboda na biyun yana nuna daga wace chanel aka ɗauko, na farkon kuma baya nuna komai. In ka ga chat not found, ko mutumin bai danna Start ba ko ka manta -100 ɗin, kusan kullum ɗaya daga cikin biyun nan ne.

Akwai ƙarin da ake iya liƙawa a ƙarshe, &protect_content=true, wanda yake hana mai karɓa turawa gaba ko adanawa a wayarsa. Yana da kyau ga hoto ko takardar da kake son a duba kawai, amma kar ka haɗa shi da fayil ɗin 7z tunda shi sai an adana shi kafin a buɗe, zaka wahalar da mutum ne kawai. Kuma kar ka ɗora masa yarda da yawa, wanda yake da waya ta biyu zai ɗauki hoton allon ta farko, babu saitin da ya hana wannan.

Wanda ya iya Python zai iya mayar da duk wannan ya zama na kai tsaye da python-telegram-bot ko aiogram, ya riƙa ba mutane linki irin t.me/sunanbot?start=wata-alama, bot ya duba alamar ya tura fayil. In zaka yi haka abu biyu ne bana sassauci a kansu. Alamar ta zama doguwa da aka haɗa a cakuɗe, ana yarda da haruffa har 64, ba 1, 2, 3 ba da kowa zai ƙara ɗaya ya samu fayil ɗin wani. Sannan bot ya riƙe jerin lambobin mutanen da aka yarda dasu, duk wanda baya ciki a yi masa shiru. Tokin kuma kar ya zauna a cikin rubutun shirin da zaka ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta shiri suke ajiye aikinsu, akwai masu sintiri suna neman irinsa dare da rana.

Mataki na bakwai: makullin ya bi wata hanya

Kar ka taɓa tura kalmar sirri ta bot ɗin, ko ta chanel ɗin, ko ta hirar Telegram ta yau da kullum, in ka yi haka duk wahalar mataki na biyar ta tafi. Mafi kyau ka faɗa masa baki da baki. In babu hali, Signal, wanda duk hirarsa a kulle take daga waya zuwa waya ba sai ka kunna komai ba, ko WhatsApp da shima haka yake tun 2016. In kuma a cikin Telegram kake son tsayawa, ka buɗe shafin mutumin, ka danna ɗigo uku, Start Secret Chat, sai ka jira ya hau layi kafin ta buɗe. Ka saita agogon da yake goge saƙo bayan an karanta, ka bashi minti ɗaya ya kwafa.

A cikin Secret Chat ɗin in ka danna sunansa zaka ga Encryption Key, wani hoto ne mai ƙananan murabba'ai da lambobi a ƙasa. In naka da nasa iri ɗaya ne babu wanda ya shiga tsakaninku. Ana gwadawa ne in kuna tare ko ta wata hanyar da kuka amince da ita. Kusan babu mai yi, amma ga abu mai nauyi ya cancanta. Ka sani kuma Secret Chat a kan wayar da aka fara ta kawai take zama, bazaka ganta a sauran na'urorinka ba, Telegram Desktop na Windows ma bashi da ita, kuma in ka fita daga akawun ɗin ta tafi kenan.

In kai ne mai karɓa

Fayil ya zo ta bot baya nufin lafiyayye ne, kullen ma yana hana manhajar kama cuta ganin abin da ke ciki har sai an buɗe, masu mugunta sun san haka kuma suna amfani da shi. Idan baka tsammanin fayil daga kowa kar ka buɗe. In an ce maka takarda ce ka buɗe ka ga ƙarshen sunan apk ne ko exe ko scr, ka goge. Mutane suna son ɗora fayil a VirusTotal, shafin da yake binciken cuta a fayil, a duba musu, yana da amfani ga manhajar da ka sauke, amma kar ka kai takardar sirri can, abin da aka ɗora yana zama a wurinsu kuma masu bincike suna iya samunsa. Ga mai son tabbatar fayil bai canza a hanya ba, 7-Zip yana da CRC SHA a jerin danna dama, mai turawa ya fitar da SHA-256, wani jerin haruffa da lambobi ne da yake canzawa in an taɓa fayil ɗin, ya aiko tare da makullin, kai ma ka fitar ka gwada.

Shara bayan an gama

Da mutumin ya ce ya sauke ya buɗe, ka goge kwafin da ke hirarsa da

api.telegram.org/botTOKIN/deleteMessage?chat_id=LAMBARSA&message_id=SABUWARLAMBAR

wato lambar nan da nace ka ajiye. Bot yana iya goge saƙon da bai wuce awa 48 ba ne kawai, bayan haka sai dai shi mutumin ya goge da kansa. Ka goge na chanel ma in babu wanda za a sake turawa, ko ka kunna Auto-Delete a chanel ɗin ya riƙa sharewa da kansa. Ka rufe shafin burauzar. Kar ka manta da asalin fayil ɗin da ba a kulle ba da yake zaune a foldarka, da kwandon shara na kwamfuta.

Idan kana zargin tokin ya fita, ko ka taɓa rubuta shi a kwamfutar da ba taka ba, je BotFather ka rubuta /revoke ka zaɓi bot ɗin, nan take tsohon ya mutu a baka sabo. In ka gama da bot ɗin gaba ɗaya /deletebot.

Abin da duk wannan tsarin baya ɓoyewa shine cewa an yi hulɗar. Telegram ta san akawun kaza ya ɗora fayil mai girma kaza, bot kaza ya kai wa akawun kaza a lokaci kaza, kuma ta san wanda ya ƙirƙiri bot ɗin. A watan Satumba na 2024, bayan an kama Pavel Durov, wanda ya kafa Telegram, a Faransa a watan Agusta, kamfanin ya sauya ƙa'idarsa ya bayyana cewa zai iya miƙa lambar waya da adireshin IP, wato lambar da na'ura take hawa intanet da ita, na wanda ake zargi da laifi ga hukuma in ta zo da buƙata ta shari'a. Don haka wannan hanyar tana kare abin da ke cikin fayil ne, takardun aiki, kwantiragi, bayanan lafiya, hotunan iyali. Ɗan jarida ko wani da rayuwarsa ta rataya a kan kar a san da wa yake magana ma, bot na Telegram ba kayan aikinsa bane, ya nemi Signal ya kunna saƙo mai ɓacewa, fayil ɗin kuma ya kulle shi da 7z kamar yadda aka yi a mataki na biyar.